Mutumin da Ya Tsaya a Tagata

Kwanakin baya wasu samari uku suka yi mini sallama da hantsi, sanye da yadi iri ɗaya, kowa da waya a hannu. Suka ce su malamai ne, sun zo gayyatata taron karrama malamai da za a yi a Kazaure, wai za a ba ni allon yabo a ɗauke ni hoto. Na shimfiɗa musu tabarma, na sa aka kawo ruwa, ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "To 'ya'yana, wa ya aiko ku?" Suka ce ba kowa. Na ce, "Wa zai zauna a babbar kujera ranar?" Suka kalli juna suka yi 'yar dariya. Na ce, "A cikinku wa ya taɓa ganina ina koyarwa?" Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai suna ya isa." Ni dai ban yarda ba. Mutumin da bai taɓa jin muryarka a aji ba, in ya zo yana yabon koyarwarka, to ka dube shi da kyau, akwai abin da ya biyo. Mai ɗakina ta ce zargi ne zai kashe ni, kuma ba ƙarya ta yi ba, da shi na tashi, da shi na tsufa. Sai dai tun da yaran nan suka tafi nake ta tunanin wani mutum ɗaya, wanda shi kam ya ga koyarwata da idonsa, ni kuma na saka masa da abin da har yau nake jin nauyin faɗa.

Lokacin da na fara aiki, makarantarmu tana gindin duwatsu ne, a wani gari tsakanin Kazaure da Roni. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, tagogin na katako, in ka buɗe su sai sun yi ƙara kamar za su ɓalle. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye jikin darbejiya, in aka buga shi har ruga ana ji, sai ka hango yaran Fulani sun ratso ta cikin gonaki da raɓa har gwiwa. Kafin a shiga aji an share fili, an cika randa, ranar Alhamis kuwa a daka gawayi da ɗanyen ganye a goge alluna su yi baƙi wuluk. In rana ta ɗan ɗaga, makarantar gaba ɗaya sai ta ɗauki murya: nan ana "biyu sau biyu huɗu", can ana haɗa baƙi da wasali, daga cikin gari ga amon taɓarya, wani lokaci jaki ya sa baki ya rufe mu duka. Bangon da ke tsakanin azuzuwa bai kai rufi ba, saboda haka babu malamin da ke da sirri. In ka iya, kowa ya ji. In kame-kame kake yi, shi ma kowa ya ji. Yanzu na ga an yi gine-gine na siminti, kowane aji a rufe ruf, malami ya shiga ya fito babu wanda ya san abin da ya shuka a ciki, amma a ƙarshen shekara sai ka ji an ce shi ne gwarzo. Wa ya gani? Oho.

Mu a zamaninmu ba a yabon malami da baki. Kunya ce ma a tsaya a gaban mutum a ce masa ya iya. In ɗan'uwanka ya shigo ajin da ka fita ya ga abin da ka rubuta ya burge shi, sai ya ƙi gogewa, ya lallaɓa ya yi nasa rubutun a gefe. In an zauna gindin darbejiya lokacin hutun tara, ya ɓare goro ya miƙa maka ɓari mafi girma ba tare da ya kalle ka ba. Mafi girman duka shi ne ya kamo hannun ɗansa na cikinsa ya kawo ajinka ya ce, "Ga shi nan." Shi ke nan, an gama magana. Amma ni a lokacin yaro ne sabon fitowa daga makarantar horon malamai, ban san wannan yare ba. In aka bar rubutuna a allo, sai in ɗauka an bar shi ne don hedimasta ya zo ya ga kuskure.

Ni ke riƙe da aji biyu. Aji uku, bango ɗaya da ni, yana hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba Malam. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, kullum da guntun alli a bayan kunne. Ya koyar da rabin iyayen yaran da ke gabanmu, har shi kansa hedimasta ta hannunsa ya bi. Ba ya yawan magana, ba ya dariya a makaranta, in ka gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce. Abin da na taɓa ji daga bakinsa mai ɗan tsawo shi ne ranar da ya ce mana, "Kada ku tambayi yaro ko ya gane, zai ce e don ku ƙyale shi. Ku kalli idonsa." Tsoronsa nake ji, kuma na ƙudurta a raina tun farko cewa ba ya ƙaunata, don bai taɓa miƙo mini goro ba.

A shekarar nan na rasa yadda zan yi da lissafin ɗebewa. In ka ce wa yaro a ɗebe bakwai daga ashirin da uku, ka ce uku ba za ta iya ba, sai a ara ɗaya daga maƙwabciya, sai ya zuba maka ido kamar ka yi masa Larabci. Wata rana ina kallon ƙannena suna ɗaure damin dawa a gona, dabara ta faɗo mini. Na sa yara suka kawo kara, muka yayyanka gajeru-gajeru, muka ɗaure goma-goma da kaba. Ƙulli goma kuma muka haɗa muka yi babban dami na ɗari. Na daina cewa a ara. Sai in ce, "Ga ƙulli biyu da kara uku, ba ni bakwai." Yaro ya duba ya ga uku ba za su isa ba, da kansa zai kai hannu ya kwance ƙulli ɗaya. Wallahi ranar da na fara gwadawa, wata 'yar Fulani da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta yi tsalle ta ce wani abu da Fulatanci, aji ya kwashe da dariya. Na kalli idanunsu, na ga abin ya shiga. Na ji daɗi ƙwarai, amma ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron a ce na mayar da aji wurin wasa da kara.

Ana cikin haka hedimasta ya tara mu ya ce takarda ta zo daga ofis. An buɗe sabuwar makaranta a wani ƙauye can gaba da Babura, dab da iyakar Nijar, inda sefa ta fi kuɗinmu yawo, kuma daga cikinmu za a ɗauki mutum ɗaya. Ya ce ana son wanda zai iya riƙe makaranta shi kaɗai, kuma shi aka ba wa zaɓi. Mahaifina ya rasu, Inna idonta ya fara tafiya, ni ne babba, ni nake kai ta asibiti a keke, ni nake karanta mata yadda za ta sha magani. In aka jefa ni can, sai dai in riƙa ganinta daga hutu sai hutu, kuma ban san ko za ta kai wani hutun ba. Malamin aji huɗu, wanda muke tafiya gida tare, ya ce da ni a hanya, "Kai ka yarda da zancen wanda zai iya riƙe makaranta? Haba! Wanda ake so a rabu da shi ake turawa. A nemo maka laifi, a rubuta, shi ke nan ka tafi. Kuma kai ne sabo, ba ka da kowa."

To, a cikin makon nan ne Baba Malam ya fara tsayawa a tagata. Da na ɗauko buhun kara, sai in ga inuwa ta faɗo a kan bencin gaba. In na waiga, ga shi tsaye a waje, kafaɗarsa jingine da bango, da wani ɗan littafi mai baƙin bango a hannu. Ba sallama, ba murmushi. Ya kalli hannuna, ya kalli yara, ya sunkuya ya rubuta. In na gama darasin lissafi, ya rufe littafin ya koma ajinsa. Rana ta farko na ce wucewa yake yi. Rana ta biyu na fara haɗa gumi. Rana ta uku alli ya karye a hannuna sau biyu, na ga ya rubuta wani abu, na ce shi ke nan, har wannan ma ya shiga. Na gaya wa malamin aji huɗu, ya tafa hannu ya ce, "Ban gaya maka ba? Hedimasta ɗalibinsa ne, shi ne idonsa. Tsohon nan so yake ya mutu a garinsu, kai za a yi hadaya da kai. Ka zauna nan kana ɗaure kara."

Daga nan komai na Baba Malam ya zama shaida a wurina. In ya yi tari a bayan bango, alama yake yi wa wani. In na gan su da hedimasta suna alwala tare, zancena suke yi. Wata rana da tara ya ɓare goro ya miƙo mini, karo na farko tun zuwana, kuma ɓari mai girman ya ba ni. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, da ya juya na jefa shi bayan aji, don na ce ko an yi wani abu a jiki. Dubi irin wautar! Da na koma gida na kasa cin tuwo, Inna ta lalubo hannuna ta ce, "Kai ɗan nan, me ke cin ka?" Na zayyana mata. Ta ce, "Mutumin nan ya zage ka?" Na ce a'a. "Ya ce maka wani abu?" Na ce ai da ma ya faɗa da ya fi. Ta ce, "To ka je ka durƙusa ka tambaye shi mana. Bakinka ciwo yake yi?" Na ce, "Inna, ba ki san aikin gwamnati ba." Ta ce, "Ban sani ba kam. Amma na san mai yi maka mugunta ba ya tsayawa a rana inda za ka gan shi."

Ban ji maganarta ba. Washegari na rufe tagar tun kafin in ɗauko buhu, na sa sakata, aji ya yi duhu, yara suna ta fifita da littattafai. Duk da haka ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin katakon. Akwai wata tsaga a jikin tagar, nan ya sa idonsa. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ce tun da abin ya zama haka, bari in riga shi. Aka tashi, na bi hedimasta ofis, na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, amma abin yana damuna. Kullum da safe aji uku ba malami. Hayaniyarsu ba ta barin nawa su ji karatu." Ƙarya ce, ajin Baba Malam ko yana nan ko ba ya nan ba ka jin motsi, aiki yake bar musu a allo. Hedimasta ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ka san wanda kake magana a kansa?" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A zo a gani."

Ya zo ya gani kuwa. Ina cikin aji na ji takunsa, na ji ya tsaya a aji uku, sannan ya zagayo. Ta bayan katako na ji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, me ake yi a nan?" Baba Malam ya ce, "Tsayuwa." "Ajinka fa?" "Yana nan inda yake." "An ce kullum haka ake yi." Baba Malam ya ce, "Haka ne." Daga ranar bai sake zuwa tagata ba, na buɗe ta na sha iska, na ci gaba da darasina har na kai yara inda ake kwance babban dami. Bayan mako biyu takarda ta fito da sunansa. Mutanen gari suka yi ta mamaki, wasu suka ce hedimasta ya ci amanar malaminsa, wasu suka ce da ma tsufa ya fara taɓa shi, an gan shi yana leƙen tagogi. Ni kuwa na yi shiru, na ce a raina Allah ya kuɓutar da ni daga makirci. Har sadaka na yi.

Al'adarmu ce in an yi wa malami canji, duk malamai su raka shi tasha. Na so in maƙale, na ce kaina ke ciwo, Inna ta ce, "Ko a kan jaki ne za ka je." Ranar kasuwar Babura ce, babbar mota ta cika da buhuna da awaki, an ɗora akwatinsa na ƙarfe da tabarma da buta da kekensa a sama. Iyalinsa ya bar su sai bayan damina. Na raɓe a bayan mutane ina sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce, "Malam ƙarami, zo." Na ce yau zan sha baki a gaban jama'a, kuma na cancanta. Ya ja ni gefe, gindin wata tsamiya, ya sauke wani ƙaramin buhu daga kafaɗarsa ya zazzage. Kara ne, an yanka su daidai wa daida, an ɗaure goma-goma da kaba, har da manyan damuna biyu. Ɗaurin ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Ya tsuguna, tsoho da shi, ya buɗe ɗan littafin nan mai baƙin bango a kan gwiwarsa. Na leƙa. Zanen ƙulle-ƙulle ne shafi bayan shafi, da maganganuna kamar yadda na faɗe su, har da inda nake cewa "kada ka gaya masa, bar shi ya kai hannu". Ya ce, "Na samu har inda ake kwance ƙulli. Amma ban kai ranar da ka yi na sifili ba. In dami biyu ne da kara uku, babu ƙulli ko ɗaya a tsakani, aka ce a ɗebe bakwai, yaya kake bi da su?" Na tsaya ina kallon zanen. Ya ce, "Yi sauri, direba zai tashi." Na durƙusa a ƙasa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, sai a bar yaro ya nemi ƙulli ya rasa. In ya rasa, da kansa zai kwance dami, ƙulli goma su zubo, sannan ya kwance ɗaya daga ciki." Ya kwance da hannunsa, ya ƙirga, ya sake ɗaurewa ya sake kwancewa. Sai na ga ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce, "Kai! Shekara da shekaru ina cewa a ara, yara suna tambayata a wurin wa, ina zane su. Ta bango ina jin muryarka, amma ba na ganin hannunka, shi ya sa na fito. Ɗana, kai malami ne."

Na ce, "Baba Malam, ka san wanda ya kai ƙararka?" Yana mayar da kara cikin buhu ya ce, "Na sani. Ai gaskiya ka faɗa, na bar ajina." Na ce, "To me ya hana ka gaya wa hedimasta abin da ya kai ka tagar?" Ya ɗago ya dube ni kamar yadda yake duban yaron da bai gane ba. Ya ce, "In gaya masa me? Mutumin da ke neman wanda zai riƙe makaranta shi kaɗai, in je in ce masa ga wanda ni ma nake koyo a wurinsa? Da kai ne a kan motar nan yau. Kai kuwa kana da tsohuwa."

Direba ya danna ham. Aka kama hannunsa ya hau, ya zauna a kan buhun gero da buhun karansa a cinya. Bakina cike yake da magana, amma ko "na gode" ta ƙi fita, balle "ka yafe mini". Abin da kowa ya ce shi na ce, Allah ya kiyaye hanya. Na zauna a garinmu kamar yadda nake so, na yi jinyar Inna har ranar da na sa ta a kabari da hannuna. Shi kuma na yi ta cewa in an yi hutu zan hau mota in je in durƙusa a gabansa in faɗi abin da ban faɗa ba. Hutu uku ina faɗin haka. Kafin na huɗu, wani mai sayen awaki da ya dawo daga can ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce mana an binne Baba Malam tun makon jiya.